Larurar Rashin Natsuwa a Wajen Mata: Abin da Ya Daɗe Ba Shi da Suna

Gabatarwa

Akwai wata larura ta ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira ADHD, wadda a nan za a kira ta larurar rashin natsuwa. Mai ita yakan kasa tsayar da hankalinsa a kan abu guda, ko ya kasa zama wuri ɗaya, ko ya aikata abu kafin ya yi tunani. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana dalilin da ya sa mata da yawa ba su sanin suna ɗauke da ita sai sun girma, da yadda suke karɓar labarin.

Yadda Aka Manta da Mata

A shekarar 1902 wani likita a Landan, George Still, ya yi bayanin wasu yara masu irin wannan hali, kuma yawancinsu maza ne. Tun daga nan hoton yaro mai ƙiriniya ya zauna a zukatan malamai da iyaye. A 1994 kundin Ƙungiyar Likitocin Ƙwaƙwalwa ta Amurka ya kasa larurar gida uku, ciki har da wadda rashin mai da hankali ya fi rinjaye, ba tare da ƙiriniya ba. Bugun 2013 na kundin ya ƙiyasta tana samun yara 5 cikin 100, da manya 2.5 cikin 100.

To, wannan nau'i na shiru shi ne yakan ɓoye 'yan mata. Yarinya tana zaune a aji, ba ta damun kowa, amma hankalinta ya yi nisa. Ta girma tana ɓatar da makulli, tana manta alƙawari, tana ƙona girki, sai a ce da ita malalaciya ko shashasha. Ita kuwa takan ninka ƙoƙari don rufa wa kanta asiri, har ta gaji. In ta je asibiti, sau da yawa ciwon damuwa ake fara gani, a bar tushen.

Bayan An Sami Suna

Da yake larurar tana bin jini, mata da dama sukan gane kansu ne ranar da likita yake bayanin halin ɗansu. Nan abubuwa biyu kan haɗu: sauƙin zuciya, domin ta gane ba mugun hali ba ne, da kuma takaicin shekarun da suka salwanta. Littafin Sari Solden na 1995 a kan mata masu wannan larura ya taimaka wajen fito da wannan ɓangare fili.

Sai dai sunan bayani ne, ba uzuri ba. Akwai magunguna irin su Ritalin da likita ke rubutawa, akwai kuma dabarun tsara aiki: rubuta komai, da kasa babban aiki ƙanana, da ajiye kowane kaya a wuri guda.

Kammalawa

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ba kowace mai mantuwa ce ke da larurar ba. Ƙwararren likita ne kaɗai zai tabbatar, kuma sai alamomin sun faro kafin shekara 12. Amma ya kamata malami, kafin ya yanke wa ɗalibarsa hukuncin lalaci, ya fara tambayar abin da ke hana ta natsuwa.