Ƙarshen Shekarar Karatu A Korgom: Yadda Damina Ke Riga Hukuma Rufe Azuzuwa

Da zarar hadari ya fara haɗowa daga gabas a watan Yuni, mutanen karkarar Korgom sun san lokacin shuka ya ƙarato, sun kuma san shekarar lakol ta zo ƙarshe. A wannan ƙaramar hukuma da ke gundumar Tasawa ta jihar Maraɗi, daf da iyakar Najeriya, noman gero da wake da gyaɗa ne abin dogaro, don haka karatun yara yana tafiya ne tare da kalandar gona.

A takarda, shekarar karatu a Jamhuriyar Nijar wata tara ce, daga Oktoba zuwa Yuni. Amma a ƙauyukan da ake karatu cikin azuzuwan zana, lissafin ba ya cika. Sai an girbe gero an samu kara kafin iyaye su kafa rumfunan, abin da kan jinkirta komawa aji da makonni. Ruwan farko da iska kuma sukan kwashe rumfar tun kafin hukuma ta ba da hutu. Yaron da ke irin wannan aji yana rasa kwanaki a farko da ƙarshe, alhali jarrabawa ɗaya zai zauna da ɗan birnin Maraɗi.

Haɗarin azuzuwan zana bai tsaya nan ba. A ranar 8 ga Nuwamban 2021, gobara ta hallaka yara aƙalla 25 a wata makarantar firamare da ke birnin Maraɗi, watanni kaɗan bayan makamanciyarta ta ci rayukan yara 20 a Yamai. Bayan haka gwamnati ta hana sanya 'yan rainon yara cikin irin waɗannan azuzuwa, sai dai maye gurbinsu da gini a duk faɗin ƙasa aiki ne mai cin kuɗi da lokaci.

Duk da haka akwai sauye-sauyen da suka taɓa makarantun Korgom kamar sauran na ƙasar. A 2024 an dawo da jarrabawar kammala firamare ta CFEPD, bayan kusan shekara goma da soke ta. Yanzu ɗan ajin CM2 sai ya nuna abin da ya koya, su ma iyaye sun samu ma'aunin da za su auna makarantar ƙauyensu da shi. Haka kuma a Maris ɗin 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Ga yaron da ke shiga ajin CI bai taɓa jin Faransanci ba, matakin na da ma'ana, amma amfaninsa ya dogara ga samun littattafai da malaman da aka horar su koyar da Hausa.

Batun 'yan mata shi ne mafi nauyi. Dokar da aka sanya wa hannu a Disambar 2017 ta tanadi kare karatun yarinya, amma a karkarar Tasawa da maƙwabciyarta Mayahi, dogon hutun damina lokaci ne da ake yanke shawarar aure a gidaje da dama. Yarinyar da ta ci jarrabawa, idan kwaleji na nesa da ƙauyensu, sai an nemo mata gidan da za ta zauna, kuma iyaye da yawa ba sa sakin jiki da hakan. Samari kuwa, cirani zuwa Katsina da Kano kan janye su bayan kaka.

Nan ne aikin kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyoyin iyaye mata yake, domin su ne suka san gidan da yarinya ke shirin barin aji, kuma su ne za su iya zama da mahaifinta tun magana ba ta yi nisa ba. Malamai, waɗanda da yawansu 'yan kwantiragi ne, sukan koma garuruwansu da zarar an rufe.

Sakamakon CFEPD da BEPC zai nuna wani ɓangare na ƙoƙarin bana. Sauran kuma sai a watan Oktoba za a gani, ranar da malami zai buɗe rajista ya kira suna, a ji yara nawa ne za su amsa.