Bindigar Gado a Ƙasar Madarumfa

A Amurka akwai takardar izini ta musamman ga mai tara tsofaffin bindigogi don sha'awa. Ta samo asali daga dokar 1968, kuɗinta dala 30 na shekara 3, kuma sanannen sharaɗinta shi ne bindigar ta kai shekara 50 da ƙerawa. Mai takardar yana iya saye daga wata jiha a aiko masa har gida, muddin yana rubuta shigar kowace bindiga da fitarta a littafi. Faransa kuwa ta tsaya a kan 1900: galibin samfurin da ya girmi wannan shekara kayan tarihi ne a wurinta.

A Safo, cikin gundumar Madarumfa ta jihar Maradi, tsohuwar bindiga gadonta ake yi. Tana jingine a ɗakin maharbi, ko a hannun 'yan bindigar sarki ranar hawan salla. Irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki ce, a danna da tsinken ƙarfe, a harba sau ɗaya a sake zama ɗuri. Shi ya sa wasu ke kiranta harbi-ruga.

Wannan ƙasa ta san bindiga tun kafin zuwan Nasara. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe sun kafa gadonsu a Maradi wajen 1819 a hannun Ɗan Kasawa, kuma daga nan aka shafe shekaru ana kai hari ana ramawa tsakaninsu da daular Sakkwato, musamman zamanin Ɗan Baskore. Doki da mashi da baka su ne ginshiƙin yaƙin, bindiga tana da tsada, albarushi kuma daga nesa yake zuwa. A gabas, Sarkin Damagaram Tanimu ya wuce kowa a harkar bindiga, don har igwa aka zuba masa a Zinder. Da Turawa suka zauna a Burasel a 1890, sai suka taƙaita sayar wa 'yan Afirka bindigar zamani, suka bar musu mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. Maƙeranmu suka ƙware a gyaranta, daga baya suka shiga ƙera tasu. Duk wadda ta tsira daga wancan zamani shaida ce ta tarihin ƙira da fatauci, kuma abin takaici ne yadda tsatsa da gara ke cinye su ba wanda ya rubuta sunan maƙerin ko na mai ita na farko.

To amma kada wani ya ce a kwaikwayi sharaɗin Amurka na shekara 50. Kalashnikov ta fito tun 1947. A yankin da dajin Baban Rafi ya zama hanyar ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa, inda ƙauyukan Gabi da Safo da Ɗan Isa suka ɗanɗana hare-haren da ke ƙetarowa daga ɓangaren Katsina da Zamfara, irin wannan sharaɗi zai mayar da makamin ɓarawo kayan tarihi. Ko a Amurkan ma, tsufa bai fitar da bindiga mai sarrafa kanta daga tsauraran ƙa'idojin dokar 1934 ba. Abin da ya kamata a duba shi ne yadda bindigar ke aiki: ta baki ake ɗura ta, ko harsashin zamani take ci?

Najeriya ta yi wannan bambanci a dokarta ta 1959, wadda ta ware bindigogin ɗurin baki a rukuni daban. Nijar tana da hukumar CNCCAI tun 1994 don tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba. Aikinta ya zama dole. Sai dai talaka da ya gaji bindigar kakansa yana tsoron fito da ita, gudun a haɗa shi da masu laifi, don haka sai ya ƙara tura ta ƙarƙashin gado.

Ina kira ga hukumomin Madarumfa da sarakunan gargajiya da shugabannin maharba su buɗe rajistar bindigogin gado, mai sauƙi kuma ba tare da tsoratarwa ba. Wadda ake farauta da ita a ba ta takarda. Wadda ta daina aiki a toshe bakinta, a rubuta asalinta daga bakin tsofaffin gidan tun suna raye, a ajiye ta a fada ko a kai ta gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai.