3.4 Gyaran Karkacewar Kai da Saitin Tayoyin A Daidaita Sahu

A wannan sashe za a yi bayani ne a kan yadda makanikai ke gyara kan babur mai ƙafa uku idan ya karkace, da kuma yadda suke daidaita tayoyinsa. Wannan babur, wanda a Kano ake kira A Daidaita Sahu tun zamanin mulkin Malam Ibrahim Shekarau, ya ƙara yawaita ne bayan da aka hana acaɓa a birnin a shekarar 2013. Mafi yawansu ƙirar Bajaj ne da TVS, waɗanda ake shigowa da su daga ƙasar Indiya.

3.4.1 Yadda Ake Gane Matsalar

Karkacewar kai iri biyu ce, kuma wajibi ne bakanike ya bambance su kafin ya ɗauki sifana. Ta farko ita ce inda babur ke tafiya sak, amma kan ya juya zuwa dama ko hagu. A nan, kan ne kawai ya goce daga mazauninsa a jikin sandar da ta haɗa shi da ƙafar gaba, galibi sakamakon faɗawa rami ko karo. Ta biyu kuwa ita ce inda babur ɗin kansa ke ja zuwa gefe guda, har sai direba ya riƙa danne shi da ƙarfi. Wannan alama ce da ke nuna cewa ciwon yana ƙasa, wato a taya ko boris ko birki ko shasi. Wanda ya miƙar da kai a irin wannan hali bai yi gyara ba, ɓoye cutar ya yi.

3.4.2 Matakan Gyara

Da farko ana ajiye babur a shimfiɗaɗɗen wuri, a auna iskar tayoyin baya guda biyu, domin idan ɗaya ta fi ɗaya iska, babur zai rinjaya zuwa ɓangaren mai ƙarancin iska. Bayan haka sai a ɗaga gaba da jak, a juya kai dama da hagu. Idan yana sarƙewa, ko kuma yana girgiɗi idan an jijjiga ƙafar gaba, to boris ɗin wuya ya ci, sai a sake shi, a sa giris. Haka nan ana ɗaga baya a juya kowace taya da hannu don a ga ko birki na kama ɗaya, ko wili ya lanƙwashe, ko kuma bushin hannun da ke riƙe da tayar ya lalace.

Idan an gamsu da waɗannan, sai a zo kan awo. Ana miƙar da tayar gaba, a ja igiya daga tsakiyarta zuwa tsakiyar tayar baya ta dama, sannan a maimaita ta hagu. Tilas ne tsawon ya zo daidai. In aka sami bambanci, to ko dai ƙafar gaba ta lanƙwashe, ko shasi ya murɗe, wanda kuma sai an kai wa masu miƙe bodi.

Mataki na ƙarshe shi ne saitin kai. Ana sassauta notin da ya matse shi, wani ya riƙe tayar gaba a miƙe, a juya kan har ya yi daidai da ita, sannan a ɗaure tamau. Daga nan sai a gwada shi a hankali a kan miƙaƙƙiyar hanya.

3.4.3 Muhimmancin Wannan Gyara

Babur mai ƙafa uku ba ya kwanciya a kwana kamar mai ƙafa biyu, saboda haka yana da saurin kifewa, musamman idan ya ɗauko fasinja da kaya. Rashin saiti yana ƙara wannan haɗari. Bugu da ƙari, yana cinye taya ta gefe guda, yana kuma gajiyar da kafaɗun direba. Ga wanda ke biyan balas kullum, sayen taya kafin lokacinta asara ce babba. Ke nan, bin waɗannan matakai bi da bi, daga mai sauƙi zuwa mai wuya, shi ne ke bambanta ƙwararren bakanike da ɗan koyo.