In tafiya ta yi nisa, waya sai ta yi kauri

A sababbin unguwannin da ke gefen Maraɗi, Damagaram da Yamai, inda gine-gine suka riga turakun lantarki isowa, mun saba ganin magidanci ya jawo wuta daga gidan wani, waya ta bi kan katangu har mita ɗari ko fiye. Ranar farko kowa na murna. Da an kunna firji sai fitila ta dushe, fanka ta riƙa juyawa kamar mai jin barci, a hau zagin masu ba da wuta, alhali sau da yawa laifin na wayar ne.

Waya tana cin wani abu daga ƙarfin wutar da ke bi ta cikinta, kuma cin yana ƙaruwa da tsawo, yana raguwa da kauri. Mu yi lissafi da wayar jan ƙarfe mai lamba 1.5, wadda aka tanada domin fitilu. Nisan mita 100 tafiyar mita 200 ce, tunda wuta zuwa take yi ta dawo. Idan gidan yana jan amfiya 10, kusan bolt 23 za su salwanta a hanya daga cikin 220. Mai lamba 2.5 za ta zubar da 14, mai lamba 4 kusan 9, mai lamba 6 kuwa ƙasa da 6. Ƙa'idar Faransa, wadda masu gyaran wutarmu da dama suka koya, ta amince da asarar kashi 3 cikin 100 ga fitilu, kashi 5 ga sauran kaya, wato bolt 11. Ke nan a wannan nisa sai daga lamba 4 zuwa sama.

Firji ya fi kowa shan wahala. Injinsa yana jan wuta ninkin-ba-ninkin a lokacin tashi. In ƙarfin ya gaza sai ya tsaya yana gurnani, ya ɗau zafi, wata rana ya ƙone. Kuɗin da aka rage wajen sayen waya bai kai na sabon inji ba. Ita ma siririyar wayar zafi take yi, balle a ranar watan Afrilu, robarta ta yi laushi ta tsage.

Akwai kuma matsalar kasuwa. Wata wayar alminiyam ce aka shafa mata jan ƙarfe a baya, kuma alminiyam sai ya fi jan ƙarfe kauri da fiye da rabi kafin ya ɗauki kaya ɗaya da shi. Kafin mu biya, mu sa a kankare bakin wayar da wuƙa a gabanmu, mu ga ko cikinta ja ne ko fari.