Abin da Ke Ɓoye Cikin Ragowar Gonar Ƙurtum

Akwai wata shuka mai ƙaya da ake nomawa a Indiya, da Kazakistan, da Meksiko, da Turkiyya, da Habasha. Larabawa suna ce da ita ƙurtum, mutanen Habasha kuma suf. Tsawonta yakan kai ƙugun mutum, furenta rawaya ne ko ja, 'ya'yanta farare. Domin mai ake shuka ta, gama wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyin 'ya'yan mai ne. Saiwarta takan nutsa ƙasa har mita 2, shi ya sa ba ta tsoron fari. A Indiya sai damina ta wuce ake shuka ta a baƙar ƙasa mai riƙe laima, kamar yadda ake yi da masakwa a firgin Borno. Ruwan Agusta irin namu ruɓar da ita zai yi, saboda haka kada wata ƙungiya ta yi garajen neman iri.

Abin da ya sa muka kawo labarinta shi ne ragowar da ake bari bayan an matse mai, watau fure, da ganye, da tunkuza.

Kun san in aka ɓare goro aka ajiye, ba ya daɗewa sai ya rine. Fartanya da aka bari a waje takan yi tsatsa, man gyaɗa kuma in ya tsufa sai ya yi wari. Duk aikin iska ne guda. Irin wannan ci yana faruwa a cikin jikin mutum da na dabba ma. To, tsire-tsire suna yin waɗansu sinadarai da ke tare wannan ɓarna, mu kira su masu hana tsatsa. Da masana suka gwada ragowar ƙurtum, sai suka tarar tana ɗauke da su da yawa. A tunkuzar ma, yawancinsu ba sa bin mai su fita, a nan cikin dusa suke zama.

Furen ne ya fi ban sha'awa. Launi biyu ne a cikinsa. Rawayan yana fita da ruwa zalla. Jan kuwa, wanda ake kira kartamin, ba ya fita sai da ruwan toka, sa'an nan a zuba abu mai tsami ya kwanta. Duk marini zai gane wannan aiki. Masarawan dā sun rina tufafi da shi, an kuma sami furen a kabarin Fir'auna Tutankamun da aka buɗe a 1922. Amma daga 1856, lokacin da aka fara yin shuni na kamfani a Ingila, kasuwar rinin ƙurtum ta yi ta faɗuwa, har manoman wurare da yawa suka bar furen yana zuba a gona. Yanzu masu yin abinci da abin sha suna neman launi na tsiro, sai furen ya sake yin daraja.

Tunkuzar abincin dabbobi ce. In ba a cire ɓawo ba, abin gina jiki a cikinta wajen kashi 20 ne cikin 100, in an cire ya kusa ninkawa. Shanu da tumaki suna cinta lafiya. Kaji kam ɓawon ya yi musu yawa, ga ta da ɗaci.

Sai dai a yi hattara da masu tallar magani. Abin da ya yi aiki a kwalbar gwaji ba lalle ne ya warkar da mutum ba. A Sin, inda aka daɗe ana sa furen cikin magani, ana hana mata masu ciki shansa.

Mu ma muna da irin wannan dukiya a gonakinmu. Karan dafi, wanda dukawa suke rina jar fata da shi, kuben ganyen wata irin dawa ce, jan launinsa kuma yana cikin sinadaran nan masu hana tsatsa. Da shi ake dafa shinkafa da wake a Gana ta yi ja, abincin da suke kira wace, sunan kuwa daga kalmarmu ta wake ya fito. A Jamhuriyar Benin ana rina cuku da shi. Zoɓo ma haka yake. A ganinmu ba daidai ba ne ƙungiya ta sayar da hatsi kawai, ta bar sauran wa gara da wutar daji.

In za ku tara karan dafi ko zoɓo don kasuwa, ku shanya su a inuwa bisa tabarma, gama zafin rana yana kashe launi, ƙasa kuma tana rage kuɗinsu. Kada a ɗure su a buhu sai sun bushe ƙayau. Tunkuza kowace iri ce, ta gyaɗa ko ta auduga, a ɗora ta bisa katako nesa da bango, wadda ta yi fumfuna kuma kada a ba dabba. Kafin kaka, bari sakataren ƙungiya ya je kasuwa mafi kusa ya tambayo nawa dukawa da masu zoɓo suke sayen mudu, ya kawo wa taro.