Matan ƙasar Gumel da dajin da suka sani

Shirinmu na musamman na yau ya ya da zango a Gagarawa Tasha, kan layin dogon Kano zuwa Nguru, cikin masarautar Gumel.

A nan idan maganar ƙasa ta taso, maza ake kira: mai gona, mai unguwa, dagaci. To amma ku bi wata gwaggo da ta fita ɗibar ganye a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba. Ta san inda tafasa ke fara tsirowa, ta san magaryar da yaɗiya ke hawa. Tafasar nan za ta dafa ta, ta tsiyaye ruwan, ta matse da hannu, ta barbaɗa ƙuli-ƙuli da gishiri, yara su ci su kwanta. Aduwa kuwa ba ta da abin yarwa a wurinta: dabagira a kwaɗa, 'ya'ya a tsotsa, ƙwallo a fasa a fitar da mai. Irin wannan sani ya riƙe gidaje da yawa a farin 1973 da na 1984. Ko zoɓon da fatake ke rububi a kasuwar Maigatari ranar Alhamis, su furen suke so, ita 'ya'yan take tarawa ta yi daddawar batso.

Alaƙar mata da ƙasa ta wuce ta abinci. Ranar da aka haihu, ungozoma ce ke haƙa rami a cikin gida ta binne mabiyiya, mai jego kuma ta yi arba'in tana wanka da ruwan zafi da ganyen darbejiya ko sabara. Akwai tsamiyar da tsofaffi ke hana yara zuwa gindinta da tsakar rana, wai gidan iskoki ce. Malamai sun yi wa'azi a kan wannan camfi, kuma da gaskiyarsu. Sai dai ni na lura, irin waɗannan itatuwa ne gatari ya fi jin kunyarsu.

Ba a nan kaɗai mata ke riƙe da irin wannan sani ba. Can a kudu maso yammacin Ostareliya, yankin birnin Perth, akwai al'ummar Noongar, masu raba shekara gida shida gwargwadon abin da tsiro da dabba ke yi. Suna da wuraren da ilminsu na hannun mata kaɗai. A 2016 majalisar jiharsu ta yi dokar da ta amince su ne masu ƙasar na asali.

A wajejen wannan shekara ce maganar ware kadada 12,000 don noman rake ta ta da ƙura a Gagarawa da maƙwabtanta, manoma suka yi ta kokawa. An yi maganar gonaki, an yi maganar diyya. Ko an ƙirga itatuwa, sunan mai gona ake rubutawa a takarda. Matar da ke samun kuɗin sabulu da omo daga kukar bakin gona fa? Wannan ya dame ni matuƙa.

Don haka duk ranar da za a sake jan igiyar awo a Gagarawa, Sule Tankarkar ko Maigatari, ko za a kawo dashen yaƙi da hamada, a shiga gida a yi sallama da iyayenmu mata, su fito su nuna itacen da za a bari da wanda ya kamata a dasa.