Wa Ya Faɗa wa Ruwa Inda Zai Bi? Darasi Daga Tur'o'in Jazira

 

Akwai wata magana da muke yawan ji a majalisunmu bayan sallar Isha'i. In an taɓo zancen waya a hannun yara, ko injin ban-ruwa, ko maganin feshi, sai wani ya ce, "To ya za a yi? Haka zamani ya zo da shi." Kamar dai na'ura daga sama take saukowa irin ruwan damina, ba wanda ya zauna ya tsara ta. Alhali kowace na'ura akwai wanda ya ƙera ta, da wanda ya biya kuɗin ƙirar, da abin da suke so ta yi musu. A wannan fitowa muna so mu duba wannan batu ta hanyar abin da ya fi kusa da mu, wanda yaranmu ke tsallakewa kullum in za su makaranta, wato tur'a.

Don me aka haƙa ta?

An kammala madatsar ruwa ta Sinnar a kan Shuɗin Nilu a shekarar 1925, a wannan shekarar kuma mashru'in Jazira ya fara aiki da kusan fadan 300,000. Kafin nan an yi gwajin noman auduga da famfo a Tayyiba, kusa da Madani, a 1911. Ƙasar Jazira shimfiɗaɗɗiya ce mai ɗan gangare zuwa arewa, saboda haka in an tare ruwa a Sinnar, zai gangaro da kansa har gona ba tare da inji ba. Wannan baiwa ce daga Allah, ba mai musu.

Amma abin da za a yi da baiwar, mutane ne suka zaɓa. Masaƙun Lankasha a Ingila suna neman auduga mai dogon zare, gwamnatin Turawa a Khartum kuma tana neman kuɗin shiga. Daga waɗannan buƙatu biyu aka zana komai. An yanka ƙasa layi-layi, kowace nimra fadan 90, Abu Ishirin na shayar da ita, Abu Sitta na kai ruwa cikin hawasha. An tsara zagayen ban-ruwa na kwana 14 bisa ƙishin auduga. An shimfiɗa siririn layin dogo don kwasar auduga zuwa injinan gurza a Maringan da Hasahisa, daga nan sai Bur Sudan, sai jirgin ruwa. Hawasha a farko fadan 30 ce, 10 daga ciki auduga ce dole. Manomi ba ya zaɓar iri, ba ya zaɓar ranar shuka. Mufattish ne ke faɗa, shi kuma ya bi. Kashi 40 cikin 100 na kuɗin auduga shi ne rabon manomi, sauran gwamnati da kamfanin Turawa mai gudanar da aikin suka raba.

Sai dai an bar wa manomi ɗan fili ya shuka dawa da lubiya, amfanin kuma nasa ne shi kaɗai. Masu tsarin sun gane cewa mutumin da rumbunsa ba hatsi ba zai tsaya ya yi wa auduga hidima ba. Kun ga ko a nan, cikin manomi ya sa an taɓa zanen.

Tur'ar da ke kwana da ruwa

Ga misalin da ya fi fito da abin da muke nufi. Ko kun taɓa tambaya me ya sa ƙananan tur'o'in Jazira suke da faɗi haka, ruwansu kuma kwance kamar na tabki?

Ruwan da aka sako daga Sinnar yana kwanaki a hanya kafin ya kai ƙarshen mashru'i, ba ya yiwuwa a rufe babbar tur'a da magariba a buɗe da asuba. Injiniyoyi da farko sun so ruwa ya riƙa shiga gona dare da rana. Amma manoma ba su saba ban-ruwan dare ba, ba su kuma so, kamfanin ma bai so ba, domin mufattish ba ya iya sa ido a cikin duhu. Da aka ga haka sai aka mayar da ƙananan tur'o'i ma'ajiya: su tara ruwan da ya zo cikin dare, da safe gafir ya buɗe ƙofofi, da yamma ya rufe. Wato barcin manomi da idon mufattish su ne suka tsara yadda tur'a take aiki.

Wannan zaɓi ya yi alheri, don mutane sun kwana a gidajensu. Ya kuma zo da nasa nauyi. Ruwan da ke kwance shi ne yake sauke laka, ciyawa ta tsiro, ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da cutar tsargiya su hayayyafa, sauro ya samu wurin zama. Abin ya ƙaru bayan yarjejeniyar ruwan Nilu ta 1959, wadda ta ba Sudan kubik mita biliyan 18.5 a shekara, da faɗaɗawar Manakil, da gina madatsar Rusairis a 1966. Mashru'i ya haura fadan miliyan 2, aka ƙara alkama da gyaɗa, aka rage hutun ƙasa, ruwa ya zama ba ya yankewa a tur'a mafi yawan shekara, ruwan ambaliya mai ɗauke da lakar duwatsun Habasha yana ta shigowa. Zazzaɓin cizon sauro da tsargiya suka yi yawa har aka kafa shirin lafiya na Shuɗin Nilu a 1979 tare da Hukumar Lafiya ta Duniya.

Manoma su ma suka sake fasalin abin da kansu. Da aiki ya yi musu yawa, da dama suka koma barin ƙofa a buɗe ruwa ya kwana yana shiga gona ba mai tsaro. Tur'a ɗaya ce, amma kowane zamani da yadda mutanensa suka juya ta.

Waɗanda ba a sa su a zane ba

Tarihinmu a wannan ƙasa ya haɗu da na mashru'i. Bayan yaƙin Burmi a 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya yi shahada, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da hijira gabas da jama'arsa, suka zauna a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da har yau ke amsa sunansa. Bayansu kuma ayarin mahajjata bai yanke ba: Hausawa, Fulani, Barebari, suna tafe a ƙasa, su tsaya su yi shekara ɗaya ko goma suna neman guzurin ƙetare teku. Auduga aba ce mai son hannu, ga cirar ciyawa, ga tsinka, ga tumɓuke karan bayan girbi a ƙona saboda cuta. Da hannun kakanninmu da na 'yan'uwanmu mutanen Darfur da Kurdufan aka yi kaso mai yawa na wannan aiki.

To amma in ka duba tsarin, za ka ga wurin auduga, wurin tur'a, gidan mufattish, ƙauyen masu hawasha. Ɗan ƙwadago ba a yanka masa wurin zama ba, domin an ɗauke shi a matsayin baƙon kaka, zai zo ya tafi. Shi kuwa bai tafi ba. Haka kambo ya samo asali: bukkoki a gefen tur'a, a kan ƙasar da ba ta mazaunanta ba, mafi yawa ba famfo, ba asibiti, ba makaranta. Mutumin da ba shi da rijiya, daga tur'a zai sha, a ciki zai yi wanka, a ciki yaransa za su yi iyo. Shi ya sa tsargiya ta fi kama 'ya'yan kambo. Cutar daga ruwa take fitowa, amma wanda zai sha wannan ruwan, tun ranar zane aka ware shi.

Mashru'i ya koma hannun hukumar gwamnati a 1950, dokar 2005 kuma ta ba manomi 'yancin shuka abin da ya ga dama, ta ɗora kula da ƙananan tur'o'i a kan ƙungiyoyin masu amfani da ruwa. 'Yanci abu ne mai kyau, amma tur'ar an yi ta ne don nimra guda ta sha a lokaci guda. In wannan ya shuka albasa, wancan dawa, na gaba auduga, kowa da ranar ƙishinsa, to sai an samu amana da shawara tsakanin maƙwabta, in ba haka ba mai ƙarfi ne zai sha.

Na sama da na ƙasa

Addininmu bai bar wannan babi a buɗe ba. Imamu Malik ya kawo a cikin Muwaɗɗa hukuncin da Manzon Allah (SAW) ya yanke game da kwararon Mahzur da Muzainib a Madina: wanda ke sama ya tare ruwa har ya kai idon sawu, sannan ya sakar wa na ƙasa. A lura da hikimar. An ba na sama haƙƙinsa, an kuma yanka masa iyaka da ma'aunin da kowa ke iya gani da idonsa, ba sai an kira masani ba. Haka nan rijiyar Ruma a Madina: ana sayar da ruwanta, Sayyidina Usman ɗan Affan (RA) ya saye ta ya mayar da ita wakafi ga Musulmi. Ramin bai canza ba, guga bai canza ba, amma da niyyar mai ita ta canza, rayuwar gari ta canza.

Kakanninmu a fadamun ƙasar Hausa da jigo suke ban-ruwa, mutanen Nilu kuma da sakiya wadda shanu ke juyawa. Jigo ƙarfin damtse ne iyakarsa, sakiya kuma in sa ya gaji ta tsaya. Da injin gas ya zo, tsadar mai ta zama linzami. Yanzu ga famfon sola yana yaɗuwa, kuma ni'ima ce babba, musamman a waɗannan shekaru da mai ya yi wuya tun ɓarkewar yaƙi a watan Afrilun 2023. Sai dai shi ba ya gajiya, ba ya cin kuɗi in an riga an kafa shi. Muddin rana na sama, zai ja. Wanda ya kafa shi a bakin tur'a lokacin da ruwa ya yi ƙasa, ba abin da zai tsayar da shi sai tsoron Allah ko dokar da jama'a suka yarda da ita. Ɗan'uwansa da ke wutsiyar tur'a kuwa, dawarsa na iya ƙonewa tana shirin fitar da kai.

Haka waya. Da manhajar Bankak 'ya'yanmu da ke Saudiyya da sauran ƙasashe suka riƙa turo abin da aka dafa a takaya aka ciyar da masu gudun hijira. Da ita ɗin dai wasu suka riƙa yankar kaso mai nauyi daga hannun mabuƙaci kafin su ba shi takardar kuɗi. Duk wanda ke wannan hulɗa, muna ba shi shawara ya zauna da malami ya ji hukuncinta, don babin musayar kuɗi da kuɗi babi ne mai santsi.

Abin da ke hannunmu

Ba mu ne muka zana Sinnar ba, ba mu muke ƙera sola ko waya ba. Amma ƙananan zaɓuɓɓuka da yawa a hannunmu suke, kuma yanzu da mutane ke komawa gonaki ana gyara abin da ya lalace, lokacin yin su ke nan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kafin ƙauye ko kwamitin masallaci ya kafa wani sabon abu, rijiyar burtsatse ce, ko tankin ruwa, ko injin niƙa, muna ganin ya dace a zauna a amsa tambayoyi huɗu.

Na ɗaya, wa zai amfana, kuma wa zai ɗauki nauyin cutarwar in ta zo? Na biyu, wa ba ya wurin da ake shawarar? Matan da ke ɗebo ruwa su suka san nisan da ya yi yawa, mutanen kambo su suka san inda bututu ya kamata ya kai, a kira su. Na uku, mene ne iyakarsa, kuma wa zai tsare ta? A rubuta awannin jan ruwa, a karanta a gaban kowa bayan sallar Juma'a, a sa dattijai biyu ko uku su zama shaidu. Na huɗu, in ya lalace wa zai gyara, da wane kuɗi? Tur'o'in da suka cike da laka sun ishe mu wa'azi a kan abin da aka gina aka manta da yasarsa.

Muna kira ga limamanmu da su sa babin ruwa da haƙƙin maƙwabci cikin karatun tsakanin Magariba da Isha'i kafin shukar alkama ta bana. Matasanmu masu karatun injiniya da aikin gona kuma, ku riƙe cewa duk layin da kuka ja a takarda, a kan gonar wani ko ƙofar gidan wani zai sauka, kuma za a tambaye ku a kansa.

Allah Ya ba mu ruwa mai albarka, Ya dawo da zaman lafiya a ƙasarmu, Ya jiƙan magabatanmu da suka yi wa wannan ƙasa hidima.